Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Tun Talata ake ruwa a tsibirin nan.
Rufin ofis na ɗiga cikin tukunya,
ni kuwa ina kwashe mamatan garinmu
daga tsohon kundi zuwa sabon shafin intanet,
dubu biyu da ɗari tara da ɗoriya,
kowa da lambarsa.

Lambar nan ba ni na raɗa ta ba.
Tana jikin gicciyen katako da farin fenti,
tana kan rasit ɗin da matar mamaci ke ninkewa huɗu
ta cusa a aljihun rigar ulu,
tana bakin Don Evaristo mai haƙa,
wanda ba ya cewa Rosalba Mansilla,
sai dai ya ce: saba'in da bakwai,
gindin tuffa, ƙasar wurin da taushi.

'Yar manhajar da aka liƙa wa shafin
mai son tsari ce.
Na miƙa mata jerin, ta karɓa ba musu,
shuɗin zare ya tafi har ƙarshen allo,
ta ce an gama.
Na ƙara itace a murhu, na ɗora buta.

Ruwan bai tafasa ba Eliana Cárcamo ta shigo,
laima na zuba, waya a hannu.
Ta ce: Ximena, na nemi lambar babana,
na tarar da jaririya 'yar kwana shida.
Wa ya ba ta makwancin tsohona?

Na duba. Gabana ya faɗi.
Ashe duk inda ta ga giɓi
sai ta jawo na baya ya cike,
ta soma ƙirga daga ɗaya
kamar yau aka fara mutuwa.
Kowa ya gusa, ya kwana a gadon maƙwabci.
Masunci ya gaji bashin malamar makaranta,
mata da miji da suka sayi wuri ɗaya
an raba su da layi takwas.
Garin gyaran gira an tsone ido.

Don Evaristo ya leƙo ta kafaɗata,
yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.
Ya ce: ina ɗari huɗu da sha biyu?
Na ce: ga ta, da mutum a ciki.
Ya ce: fitar da shi.
Daga nan zuwa sha tara teku ne ya ɗauka
shekarar da ƙasa ta girgiza.
Uwata na cikinsu.
Ba kowa a wurin, amma ba fili ba ne.

Na share duk abin da na zuba.
Na ɗauko ajiyar daren jiya,
wadda na yi don tsoro, ba don wayo ba.
Can ƙasan shafi, inda ido ba ya kaiwa,
na samu ɗan akwati kamar ƙwayar wake:
a bar wa kowa lambar da ya zo da ita.
Na danna.
Na fara gwadawa da mutum uku,
Rosalba, da jaririyar, da baban Eliana.
Kowa ya koma ɗakinsa.
Sannan na buɗe wa sauran ƙofa.

Jerin ya fito da wushiryarsa,
sha ɗaya, sai ashirin,
tsakaninsu gishiri da shiru.

Saura abu ɗaya.
Na gaya wa manhajar inda ƙirga ya tsaya,
kada sabon baƙo ya faɗa ramin tsoho.
Ta nuna lamba ta gaba, ba suna a gefenta:
dubu biyu da ɗari tara da arba'in da ɗaya.

Mu uku muka zuba mata ido.
Buta ta ƙone, ba wanda ya motsa.
Don Evaristo ya gyara hula, ya ɗauki shebur,
ya ce: ku daina kallona,
ni nawa wurin na biya tun bara,
kusa da sha tara, inda ake jin teku.